Aikin Bakin Ƙofa: Katsina, 1903 zuwa 1907

Wanda ya shigo birnin Katsina daga yamma, ta hanyar Batsari, ta Ƙofar 'Yandaka zai bi. Yau wuri ne na motoci da babura da masu talla, ba kowa ke ɗaga kai ya dubi ƙofar ba. Tana ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofi bakwai na birnin, tare da Ƙofar Ƙaura, da Ƙwaya, da Guga, da Sauri, da Durɓi, da Marusa. Ta nan ne Gwamna Lugga ya shiga Katsina a ƙarshen watan Maris na 1903, ba a harba ko bindiga ɗaya ba.

Mun kawo wannan labari cikin darasinmu na shugabanci domin abin da ya biyo bayan wannan rana. Kafin a cika shekara huɗu, mutum uku sun zauna a gadon sarautar Katsina. An tuɓe biyu, na ukun ya yi shekara 37 da 'yan watanni yana mulki. Dukansu musulmi ne masu ilimi da sanin fada, ba wanda za a ce da shi rago. Abin da ya raba su shi ne yadda kowannensu ya yi da wani aiki guda wanda a farko ba wanda ya ɗauke shi a bakin kome, wato aikin tsayawa tsakanin gida da baƙi. Yawancinmu za mu yi aiki a wuraren da akwai na sama da mu, akwai kuma na ƙasa da mu, ga kuma wani iko daga waje wanda ba mu ne muka gayyato shi ba. Saboda haka labarin bai yi nisa da mu ba kamar yadda shekarunsa suka nuna.

Bari mu fara da sunan ƙofar. 'Yandaka sarauta ce, haka ma Ƙaura da Durɓi da Marusa. Mutum huɗu ne masu zaɓen sarki a Katsina: Ƙaura, da Galadima, da 'Yandaka, da Durɓi. Har wa yau Ƙaura yana Rimi, Galadima yana Malumfashi, 'Yandaka yana Dutsin-Ma, Durɓi kuwa yana Mani. Bisa ga al'ada, waɗannan su ne suke zaɓe, amma ba a zaɓensu. Sarki yakan fito daga gidan Malam Ummarun Dallaje, wanda ya zama sarki bayan da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci birnin a 1807. Zuriyarsa ake kira Dallazawa, sun kuwa riƙe sarautar kusan shekara ɗari. Ya kamata mu riƙe wannan ƙa'ida a zuciya, gama ita ce za a karya nan gaba.

Hanyoyi uku a gaban Abubakar

Sarki Abubakar ɗan Ibrahim ya hau gado a 1887. Sa'ad da Turawa suka iso yana da shekara 16 a kan mulki, ya kuma saba da wahala, domin Katsinawan Maraɗi, wato zuriyar sarakunan Haɓe da aka kora a lokacin jihadi, ba su daina kawo hari ba dukan wannan ƙarni. A farkon 1903 labarai suka yi ta zuwa masa, kowane ya fi na bayansa muni. Ran 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, duk da ganuwarta. Sarki Alu ba ya gari a lokacin, daga baya aka kama shi, Waziri Ahmadu kuma ya mutu a fagen fama kusa da Kwatarkwashi. Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira zuwa gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, a watan Yuli aka kashe shi a Burmi. Wazirin Sakkwato, Muhammadu Buhari, ya zauna, ya yi sulhu domin talakawan da ba su da inda za su. A arewa kuma ga Faransawa.

Hanyoyi uku ke nan: a yi yaƙi kamar Kano, a yi hijira kamar Attahiru, ko a zauna kamar Waziri. Abubakar ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Ya fita ya tarbi Lugga, aka shigo ta Ƙofar 'Yandaka. Sharuɗan da Lugga ya kawo su ne waɗanda ya riga ya faɗa a Sakkwato: daga yau Gwamna ne mai naɗa sarki, shi ne mai tuɓewa, haraji yana ƙarƙashin ikonsa, an hana kai harin bayi, ba kuwa za a taɓa addinin mutane ba.

A nan muna ganin Abubakar ya yi daidai, ba ma jin nauyin faɗin haka. Ba a ƙone gida ko ɗaya a Katsina ba, ba a bar gwauraye da marayu ba. Shugaban da ya yarda sunansa ya ɗan ragu domin mutanensa su kwana lafiya ya cancanci a tuna da shi da alheri, ko da yake maroƙa ba su cika yi wa irinsa kirari ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kuskurensa ya zo ne daga baya, cikin ƙaramin abu, bayan ya haye babban.

Lugga bai daɗe ba ya wuce. Ya bar jami'i da sojoji kaɗan a bayan gari. Waɗannan mutane suna bukatar hatsi, da nama, da itace, da ciyawar dawaki, da leburori masu gina bariki. Kullum akwai abin da suke nema, kullum akwai ƙara, wani soja ya ƙwace wa mai talla kaya, wani dagaci bai aiko da mutane ba. Dole wani daga fada ya riƙa zirga-zirga tsakanin gidan sarki da sansaninsu. Aiki ne na ƙura da rana da jin baƙar magana ta bakin tafinta, ga shi kuma jama'ar gari suna kallon mai yinsa kamar wanda ya cika kusantar Nasara. Babban mutum ba ya son irin wannan. Sarki kuwa, bisa ga girman sarauta, ba ya yawon zuwa wurin baƙo, baƙo ne ke zuwa wurinsa. Sai aikin ya faɗa a hannun Durɓi, Muhammadu Dikko ɗan Gidado, Basulluɓe, wanda aka haifa a 1865. Mahaifinsa ma Durɓi ne. Jarumi ne da ya yi suna a yaƙe-yaƙe da Maraɗi, yana da ƙarfin jiki, bai kai shekara 40 ba.

Sai mu tsaya a nan mu duba da kyau, gama nan ne cibiyar labarin. Ba laifi ba ne shugaba ya wakilta wani. Wanda ya ce shi kaɗai zai yi kome, zai gaji, aikin kuma ya lalace. Amma akwai bambanci tsakanin ba da aiki da yar da aiki. Mai ba da aiki yakan bi sawu, ya tambayi ɗan aike abin da aka ce, wani lokaci ya tafi da kansa domin a san fuskarsa, a ji muryarsa. Mai yar da aiki kuwa yana so ne kawai abin ya fita daga gabansa. Abubakar ya ɗauki Turawa kamar wani hadari da zai zubar da ruwansa ya wuce. Ba shi kaɗai ba ne ya yi wannan zato, mutane da yawa a ƙasar Hausa sun ɗauka ba za su daɗe ba. Saboda haka ya ja jiki, ya tsare girmansa cikin fada. Cikin watannin nan kuwa Durɓi yana koyon abin da ba wani a Katsina da ya sani: abin da ke fusata Bature, abin da ke kwantar masa da rai, yadda yake son a cika alkawari a ranar da aka ce, yadda yake rubuta kome a takarda ya aika Kano da Zungeru. Su ma Turawan suna koyon wani abu. In suna son a yi abu, Durɓi ne ke yi. In an ƙi yi, sai su ce sarki ne ya hana. Duk alherin da ya fito daga birni da fuskar Dikko yake zuwa, duk jinkiri kuma da sunan Abubakar.

Mun sha ganin irin wannan a wuraren aikinmu. Shugaba ba ya son zaman ofishin ƙaramar hukuma a kan takardun fili, ba ya son rubuta rahoton da hedkwata take nema, lissafin kuɗi yana sa masa ciwon kai. Sai ya ce wa sakatare ko wani saurayi mai himma, “Kai ka ji da su.” Bayan shekara uku, saurayin ne aka sani a kowane ofis, shi ne ya san inda kowace takarda take, shi ake kira a waya. Ran da aka sami saɓani, shugaban zai tarar ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa sai wadda saurayin yake tsaye a bakinta. Sa'an nan ya fara cewa an ci amanarsa, alhali kuwa shi ne ya miƙa mabuɗin da hannunsa.

Haka ta faru. Abubakar bai cika shekara biyu a ƙarƙashin Turawa ba aka tuɓe shi, aka kai shi Ilori. Zargin da aka yi masa shi ne ƙin ba da haɗin kai. A Katsina ana ba da labari cewa an tsinci mushen kare a rijiyar da Turawa suke sha, aka ɗora wa sarki laifin. Ko wane ne ya jefa karen, abin lura shi ne ba wani Bature a wurin da ya san Abubakar sanin da zai sa ya ce, “A'a, wannan ba halinsa ba ne.” Mutumin da ya ceci birni daga wuta ya rasa mai yi masa shaida a kan rijiya.

Yero da Palmer

Turawa suka bi ƙa'ida a wannan karo. Suka naɗa Yero ɗan Sarki Musa, Badallaje, daga wani ɗaki na gidan wanda ya daɗe yana takara da ɗakin Abubakar. Ba za mu daɗe a kansa ba, gama shi ma bai daɗe ba. Ya shigo da tsohon ciwo a zuciya, ya shiga kawar da mutanen wanda ya gada yana sa nasa. Mutumin da ya daɗe yana jiran kujera yakan zo da jerin sunaye biyu a aljihu, na waɗanda zai saka wa da alheri da na waɗanda zai rama wa. Kafin ya gama da jerin nan lokacin aiki ya wuce. Da ya tsaya ya tambayi abin da ya kā da Abubakar, da ya ga cewa hatsarin ba a cikin fada yake ba, yana bayan ganuwa. Amma ya bar aikin bakin ƙofa a inda ya same shi.

A 1905 aka aiko wani saurayin jami'i Katsina, Herbert Richmond Palmer, wanda aka haifa a 1877. Mutum ne mai kaifin kai da son tarihi, mai kuma yarda da ra'ayin kansa ƙwarai. Daga baya ya zama Razdan na Barno, ya shugabanci Lardunan Arewa daga 1925 zuwa 1930, ya yi gwamna a Gambiya da Kubrus. Amma a lokacin da muke magana ƙaramin ma'aikaci ne mai neman ya nuna wa manyansa ya iya aiki, sarkin da ke gabansa kuwa ba ya taimakonsa.

Sai ga 1906. A watan Fabrairu mutanen Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, suka tayar, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20. A watan Maris aka hallaka ƙauyen da kisa mai ban tsoro. A watan Afrilu aka kai wa Haɗeja yaƙi, aka kashe sarkinta. Tsoro ya kama Turawa ko'ina, kowane jami'i yana duban sarkin da ke kusa da shi yana tambayar kansa, in ta ɓaci, wannan yana tare da ni? Palmer ya yanke cewa Yero ba ya tare da shi, Durɓi kuwa yana tare da shi. A watan Nuwamba na 1906 aka tuɓe Yero, aka sa Dikko ya riƙe gari. A watan Janairu na 1907 aka ba shi sanda. Lugga ya riga ya bar ƙasar a lokacin.

Palmer yana da shekara 29 sa'ad da ya kawar da gidan da ya yi mulki tun 1807. Ya karya al'adar Katsina, gama ya ɗauki mai zaɓe ya mai da shi zaɓaɓɓe. Ya kuma kauce wa tsarin gwamnatinsa, wadda take cewa tana mulki ta hannun gidajen sarautar da ta tarar. Masu kāre shi sukan ce, ai ga shi abin ya yi kyau. Gaskiya ne, amma wannan amsa ba ta ishe mu ba. Palmer ya zaɓi mutumin da ya fi jin daɗin aiki da shi, sai aka yi sa'a mutumin nan ya kasance mai iyawa ƙwarai. Waɗannan abu biyu ba kullum suke tafiya tare ba. Duk wanda zai zauna a kwamitin naɗi ko na canjin wurin aiki zai gamu da wannan jaraba: sunan da zai fara zuwa masa a rai shi ne na wanda yake gaishe shi, yake amsa kiransa da sauri, yake kawo rahoto a kan kari. Mai yiwuwa shi ne ya fi cancanta. Mai yiwuwa kuma wanda ya fi shi yana can ƙauye yana aiki, ba wanda ya aike shi bakin ƙofa balle a san shi.

Da Dikko ya ƙi fa?

Wannan tambaya takan ta da gardama a aji, ya kuwa kamata ta tayar. Waɗansu za su ce Dikko ya ci amanar iyayen gidansa, an aike shi ne, sai ya mai da aike ya zama tsani. Zuriyar Dallazawa suna da dalilin jin haka, kada mu yi musu dariya. Waɗansu kuma za su ce bai ƙwaci kome ba, ya yi aikin da aka ba shi da kyau, aka gani, aka ɗaukaka shi, in kuwa ya ƙi, da an kawo wani wanda bai kai shi ba.

Mu dai ba mu ga yadda za a wanke shi sarai ba, ba mu kuma ga yadda za a kā da shi ba. Mutum ba ya yin shekara uku yana shiga yana fita tsakanin masu iko biyu bai gane inda iska take kaɗawa ba. Ɗan aike yana da iko wanda ba a gani: shi ke zaɓen abin da zai faɗa da abin da zai bari, shi ke sa wa magana gishiri ko ya rage mata. Zai iya rufa wa ubangidansa asiri, zai kuma iya yin shiru kawai a lokacin da kalma ɗaya za ta cece shi, ba wanda zai ce ya yi ƙarya. A nan ne ake auna amincin mataimaki, a wurin da ba mai ganinsa. Amma kuma Dikko ya ga gaskiyar da manyansa biyu suka ƙi gani, wato zamani ya juya, ba kuwa zai juyo ba. Ba za a ce mutum ya rufe idonsa domin na gaba da shi ya rufe nasa ba.

Abin da ya fi amfani a gare mu shi ne mu ga kuɗin da ya biya. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Sarkin da Turawa suka naɗa ba tare da gādo ba, ba shi da wurin jingina sai su, aƙalla a shekarun farko. Sarakunan Dallazawa suna iya cewa, “Kakanmu ya karɓi tuta.” Dikko ba shi da wannan magana. Ya shiga fada cike da bayin sarki da fadawa waɗanda suka yi wa wani gida bauta tun kakanninsu. Hakimai waɗanda jiya suke zaune kusa da shi a matsayin tsara, yau za su faɗi su yi gaisuwa. 'Ya'yan sarki da yawa suna gari, kowannensu yana ganin kujerarsa ce aka ba bara. Wanda aka taɓa aikawa ya shugabanci mutanen da ba su roƙa a kawo shi ba, musamman in akwai wani ɗan gida da suke so, ya san ɗanɗanon wannan zama. Ana gaishe ka da ladabi, ana kuma jira ka yi tuntuɓe.

Ta yaya ya riƙe su? Sauye-sauyen da Turawa suka kawo a shekarun nan sun taimake shi, shi kuma ya san yadda zai mora. A dā manyan masu sarauta a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ne suke zuwa karɓo haraji, kowa yana yankar rabonsa a hanya, daga dagaci har zuwa fada. Sai aka tattara garuruwa aka yi gundumomi, aka ce kowane hakimi ya fita ya zauna a ƙasarsa, aka kawar da jakadu. Wannan ya rage wa birni taron manya masu zaman ƙulle-ƙulle da dare, ya kuma ba kowannensu aikin da za a iya aunawa: ga ƙasarka, ga yawan mutanenka, ga harajin da ake jira. Sa'an nan aka kafa baitulmali, Katsina kuwa tana cikin wuraren farko da aka gwada shi, a zamanin Palmer da Dikko. Rabon da ya rage wa masarauta daga haraji ya daina zama dukiyar sarki ta kansa, ya koma asusu mai littafi, daga ciki ake biyan sarki da hakimai da alƙalai da dogarai albashi.

Kada mu raina abin da Dikko ya sallama a nan. A tsohon tsari kyauta ita ce igiyar da sarki yake ɗaure mutanensa da ita, riga, da doki, da bawa, da gona. Sarkin da ya yarda a rubuta kuɗinsa a littafi, shi kansa ya karɓi albashi, ya saki wannan igiya. Amma ga wanda ba shi da gādo, littafin ya zama garkuwa. Ba wanda zai je wurin Razdan ya ce sarki ya cinye haraji, gama ga lissafi a buɗe. Wanda ake jira ya yi tuntuɓe, a kan kuɗi aka fi sa masa ido, shi ya sa bai kamata baitulmalin jama'a ya kwana a ɗakinsa ba ko dare ɗaya.

Ya kuma yi abin da Abubakar bai yi ba, wato bai sāke ba wani aikin bakin ƙofa ba. Yana da mataimaka masu ƙarfi, kamar Waziri Haruna, mahaifin Alhaji Isa Kaita, amma sha'anin Turawa da kansa yake yi. Yana hawan doki tare da su, ya rungumi wasan folo har Katsina ta yi suna a kansa. A 1921 ya tafi aikin hajji ta hanyar Ingila, ya gana da Sarki George na Biyar. Ya je ya ga inda ikon yake fitowa da idonsa, bai tsaya ga abin da tafinta ya gaya masa ba. A zamaninsa aka kafa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka yi karatu. Wajen 1930 aka fara makarantar 'yan mata a birnin, a lokacin da sarakuna da yawa ba sa son jin zancen. Da haka mutumin da aka ɗora domin ya yi biyayya ya zama wanda Razdan ba ya iya tsallakewa. Jami'ai suna zuwa suna tafiya bayan shekara biyu ko uku, shi yana nan, har ya zama ya fi kowannensu sanin aikin.

Akwai gefen da ba shi da daɗin faɗi, amma sai mu faɗa. Dikko bai amince da zaman lafiyar da aka gina a kan yardar Turawa kaɗai ba. A hankali, shekara bayan shekara, in sarauta ta faɗi ko an tuɓe wani hakimi, sai a ga ɗansa, ko ɗan'uwansa, ko wani nasa ya hau. Dallazawa suka yi ta raguwa a manyan kujeru. In muka duba sosai, abin da Yero ya so ya yi cikin shekara ɗaya ne Dikko ya yi cikin shekara talatin. Yero ya yi da gaggawa da fushi, aka kira shi azzalumi. Dikko ya yi da haƙuri, yana kuma kawo aikin da ake gani, aka kira shi mai hikima. Ko bambancin nan na hali ne ko na dabara kawai, wannan abin tattaunawa ne a aji, muna kuma roƙo kada a yi saurin amsawa, gama kowannenmu zai tarar da wata kujera da babu kowa a kai, ga kuma wani nasa yana neman aiki.

Ya shirya magajinsa kamar yadda aka shirya shi, sai dai wannan karo da gangan. Ɗansa Usman Nagogo, wanda aka haifa a 1905, ya yi karatun boko, ya iya Turanci, aka ba shi shugabancin 'yan doka, daga baya aka naɗa shi Magajin Gari. Wato an sa shi a wurin da zai riƙa haɗuwa da Turawa kowace rana, su san shi, shi ma ya san su. Sa'ad da Dikko ya rasu a 1944, Nagogo ne ya gāje shi, ya yi mulki har 1981. Bayansa ɗansa Muhammadu Kabir ya riƙe har 2008, sa'an nan Abdulmumini Kabir Usman, tattaɓa-kunnen Dikko. Dukansu uku daga kujerar Magajin Gari suka hau. Sarautar Durɓi kuwa tana nan a Mani cikin masu zaɓen sarki, tun daga Dikko kuma ba wani Durɓi da ya sāke hawa gadon Katsina.